Ka Tambaya Mu Amsa: In bar 600D ɗina in koma R50 ko 80D?

Tambaya daga wani mai hoto ta wajen Ringim, jihar Jigawa:

Assalamu alaikum malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni mai hoto ne a ƙauyenmu, shekara bakwai kenan ina aiki da kyamarar Canon 600D, da ita nake ɗaukar biki da suna da walimar sauka har da fasfo na 'yan makaranta. Lens biyu gareni, 18-55 ɗin da ta zo dashi da kuma 50mm, sai filasha guda ɗaya da nake ɗora mata. Matsalata yanzu in magariba tayi fokos sai yaita kai da komowa baya kamawa, har amarya ta gaji da tsayuwa. Bana Allah ya taimaka na sayar da riɗi na haɗa ɗan abin da ya samu. Wani abokina yace in sayi kyamarar Canon R50 sabuwa, wani kuma yace 80D ta hannu tafi. Naje Kano na riƙe R50 ɗin amma gaskiya sai naji ta min ƙanƙanta, ɗan yatsana ƙarami ma bashi da wajen zama. Shin rashin sabo ne kawai ko kuwa? Ka bani shawara kafin kuɗin su bi ta wata hanya.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a riɗin nan. Toh abin da hannunka ya faɗa maka a shagon nan kar ka raina shi, ba ƙauyanci bane kuma ba rashin sabo ne kaɗai ba. 600D ɗinka da batir a ciki tana kai giram 570, R50 kuwa giram 375 ce, kusan giram 200 kenan tsakaninsu, kuma ba nauyin ne kawai aka rage ba har wajen riƙon an tsuke shi, shi yasa ƙaramin yatsanka yake lilo a ƙasa. Minti biyar a shago bazaka ji komai ba, amma ka tuna kai daga hantsi kake fara aiki har bayan isha'i, ka ɗauki ɗaurin aure a ƙofar masallaci, ka bi 'yan kai amarya, ga filasha a kai tana rinjayar kyamarar gaba. Ƙaramin bodi da filasha babba wuyan hannu ne yake biyan kuɗinsu.

80D ita kuma ta fi taka nauyi, giram 730, amma irin nauyin da yake zama a tafin hannu ne, yatsu huɗu duk suna samun masauki. Ta fito 2016, taka ta fito 2011, R50 kuma 2023, kaga a shekaru R50 ce yarinya. Sai dai 80D ajinta daban, an ƙera ta ne don mai wuni yana aiki, R50 kuma don mai fara koyo da masu ɗaukar bidiyon kansu.

Bari in faɗa maka inda zaka fi jin bambancin, wato a babban yatsanka. A 600D in kana kan M, wato inda kai kake saita komai da hannunka, kana so ka sauya buɗewar lens sai ka danne maɓallin Av da babban yatsa sannan ka murza tayar gaba, shekara bakwai kana haka har hannunka ya haddace. A 80D akwai taya ta biyu a baya, ta gaba tana riƙe da saurin shota ta baya tana riƙe da buɗewar lens, idonka yana cikin kyamara kana murza duka biyun baka ɗago kai ba. Ga ɗan sikirin a samanta da yake nuna maka ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, da komai, har da fitilarsa ta dare. Ni ranar da na fara fita da irinta wajen wata walimar sauka ne ta gefen Wudil, yara sun jeru da allunansu an zana musu zayyana, malaminsu yana zaune a kan buzu, rana tana shiga gajimare tana fitowa, haske yana ta sauyawa. Da farko yatsana sai ya tafi neman Av inda ya saba, kuma makunnin ma ya koma hagu ƙarƙashin tayar zaɓen yanayi, ita tayar kuma sai ka danna tsakiyarta take juyawa. Kafin a kai ga yaro na goma hannun ya gane hanya, daga nan duk sanda girgije ya rufe rana murzawa ɗaya nake yi in ci gaba, ban sake sa wani yaro ya tsaya yana jirana da allo a hannu ba. Ka ba kanka kamar sati biyu kana wasa da ita a gida kafin ka kaita aikin kuɗi. R50 taya ɗaya gareta a sama kamar taka, ta wannan fannin baka ƙaru da komai ba.

Maganar fokos da magariba kuwa, 600D ɗigon fokos 9 gareta kuma na tsakiya ne kaɗai mai ƙarfi, shi yasa take kai da komowa in haske ya ja baya. 80D tana da 45 kuma dukansu masu ƙarfin ne, na tsakiyar yana kamawa a duhun da taka ta daɗe da sallamawa. In kuma ta sikirin kake ɗauka ko bidiyo, tana da abin da Canon suke kira Dual Pixel, ka taɓa fuskar mutum a sikirin ta kama shi sumul. Amma fa gaskiya ɗaya ce, a nan R50 ta fi su duka, ita da kanta take neman idon mutum ta liƙe masa, ko amarya ta juya ko yaro ya rugo da gudu tana biye dashi, kuma da yake marar madubi ce, wato babu madubin nan na cikin taka, ɗan sikirin ne a cikin idonta, abin da ka gani ta ido shi zai fito, in hoton zaiyi duhu tun kafin ka danna ka gani. Da tsakar rana a fili kuma, lokacin da sikirin baya ganuwa, zaka iya duba hoton da ka ɗauka ta cikin idon kyamarar. Waɗannan ba ƙananan abubuwa bane, abokinka bai yi ƙarya ba.

Sai dai akwai kuɗin da ba'a faɗa maka a bakin kanta. Lens ɗinka biyun nan bazasu ɗauru a R50 kai tsaye ba don bakinta sabon samfuri ne mai suna RF, sai ka sayi adafta EF-EOS R, da ita suna aiki lafiya lau amma kuɗi ne daban kuma tana ƙara tsawo. Na biyu, kuma wannan shi yafi cin mutane, wajen ɗora filasha na R50 sabon samfuri ne, babu ƙarfen nan na tsakiya da tsofaffin filasha suke amfani dashi, ka ɗora taka bazata tashi ba sai da wata adaftar kuma mai suna AD-E1. Mai hoton bikin ƙauye da babu filasha ai an ɗaure masa hannu, rabin aikinmu cikin ɗaki ne da soro da dare. A 80D kuwa lens ɗinka da filasharka duk ɗorawa kawai zakayi ka wuce.

Sannan batir. Kai kasan yadda wuta take a wajenku, ba sai na faɗa maka ba. A gwajin kamfani batir ɗin 600D yana ɗaukar hoto kusan 440, na 80D kusan 960, ninki biyu da ɗoriya. R50 ƙaramin batir gareta, LP-E17, kuma da yake sikirin ne har a cikin idonta tana shan wuta ko baka danna komai ba, in ta ido kake ɗauka bata ma kai taka ba, biki guda sai ka tanadi biyu ko uku. Abin da ya cece ta shine ana iya cajinta ta USB-C da fawa bank mai ƙarfi irin mai PD, wanda hakan yana da daɗi ga mai sola a gida. Ka sani kuma batir ɗinka na yanzu LP-E8 ne, ba zai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba, 80D LP-E6N take ci.

Kar in manta da ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko, ga hanyar burji a kan babur, ga filin hawan sallah in dawakai suka tashi. 80D an toshe mata gaɓoɓi don ƙura da yayyafi, kuma in ka cire lens madubi da shota suna gaban sensa, wato abin da yake ɗaukar hoton a ciki, suna kare ta. R50 bata da wannan toshiyar, kana cire lens ga sensa nan a fili tana kallonka. Duk wadda ka saya dai ka riƙa sauya lens a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, kuma don Allah banda hurawa da baki ko gogewa da bakin riga, ɗan famfon roban nan na hura iska ba tsada gareshi ba.

Toh in ni ne kai, da wannan aikin naka da waɗannan kayan da kake dasu, 80D zan ɗauka, ragowar kuɗin in ƙara batir ɗaya da memori mai kyau. In kuma ranka ya riga ya tafi kan marar madubi, ka ɗan ƙara haƙuri ka duba R10 ta 2022, wajen riƙonta ya fi zurfi, tana da taya biyu da ɗan sandan matsar da fokos, kuma tana karɓar tsohuwar filasha ba sai da adafta ba.

Amma kayan hannu sai da ido. Ka tafi da lens ɗinka da filasharka da memorinka, ka ɗora ka gwada a gaban mai shagon. Ka sa a duba maka adadin hoton da shota ta ɗauka a kwamfuta, ta 80D an ƙiyasta mata 100,000, in ta kusa can ka nemi ragi sosai ko ka bari. Ka murza tayar baya kaji ko tana tsallake, ka juya sikirin ɗin ta kowane ɓangare ko zai ɗauke, ka tsuke buɗewar lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ka duba ɗige-ɗige. Ka tambaya cajar ta asali ce ko kuwa. Farashi ban saka ba don yana bin dala, ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka zaro kuɗi. Kuma in da hali kar ka sayar da 600D ɗin nan, ɗaurin aure ba'a maimaita shi, ranar da ɗaya ta tsaya maka a tsakiyar taro ita zata fitar dakai kunya, ko ka miƙa wa yaronka ya fara koyo da ita.

Tambaya daga wata baiwar Allah ta wajen Ɗambatta, jihar Kano:

Salam malam. Ni da waya nake ɗaukar hoton mata a cikin gida, kamu da lalle da suna, tunda maza basa shiga. Yayana yana ara min tsohuwar kyamararsa babba amma wuyana da hannuna ciwo suke in na wuni da ita, kuma saitinta yana ruɗa ni. Wace zan nema?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara buɗi, wannan sana'ar taki ana buƙatarta sosai don gidaje da yawa hoton bikinsu na cikin gida a waya yake ƙarewa. Ke kam R50 ɗin da na hana ɗan'uwanmu na sama ita nake miki sha'awa. Ƙanƙantar da ta dame shi ke ita zata miki daɗi, zata shiga jakar hannunki ƙarƙashin hijabi, baki da tsofaffin lens balle ki damu da adafta, kuma sikirin ɗinta taɓawa ake kamar waya, hannunki ya riga ya saba. Ki barta ta kama ido da kanta ke ki maida hankali kan tsayuwar amarya da inda haske yake shigowa. Tana haɗuwa da waya ta manhajar Camera Connect, kafin a watse kin tura wa uwar biki hotuna ta WhatsApp.

Abu biyu zaki ƙara. Batir na biyu, wannan dole ne. Sai lens RF 50mm f/1.8 in kuɗi sun samu, don wanda take zuwa dashi, 18-45, baya son duhun ɗaki. 50mm ɗin yana shan haske sosai, zanen lalle a hannu da ƙafa zai fito tar bayansa ya narke, sai dai yana matso da abu kusa, a ƙaramin ɗaki bazai ɗauke ƙawaye goma a jere ba. Hoton taro ki fito dasu tsakar gida ki maida 18-45 ɗin, amarya ita kaɗai kuma ki zaunar da ita kusa da ƙofa inda hasken la'asar yake faɗowa a gefen fuskarta, ki ɗaga labulen gefe ɗaya.