Amsar Baffa: Wa Ke Naɗa Mawaƙi Mahakabi a Indiya?

'Yata, saƙonki ya iso tun ranar Laraba, ciwon gwiwa ne ya hana ni zama in amsa sai yau. Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ki. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Kin ce a gidan ƙawarki hira ta gangaro kan waƙa, kika ambaci Kalidasa, shahararren mawaƙin Indiya na da, haka nan tsurarsa, sai mahaifinta ya yi murmushi ya gyara miki, ya ce "Mahakabi Kalidasa". Kina so ki ji ko sarauta ce, wa ke naɗa ta, kuma ko akwai laifi Musulma ta furta irin wannan laƙabi. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin a shekarun da na yi ina karatu a ƙasar, wannan al'ada tasu ta girmama mawaƙa tana cikin abubuwan da suka fi kama zuciyata.

A Sanskirit, tsohon harshen adabin Indiya, kabi shi ne mawaƙi. Su da harafin v suke rubuta shi, ni na mayar da shi b yadda bakinmu ya saba. Maha kuwa babba ke nan, ita ce kike ji a maharaja da Mahatma Gandhi. Mahakabi dai babban mawaƙi, babu bauta a ciki ko kaɗan. Larabawa ma sun taru a Alƙahira a 1927 suka kira Ahmad Shauƙi Amirush Shu'ara, ba wanda ya ce sun saɓa.

Sai dai a da, furfura ba ta sa a kira mutum haka, akwai ma'auni. Suna da wata doguwar waƙa da ake ce wa mahakabya, wadda ake tsarawa babi-babi a kan wani gwarzo, kuma wanda ya tsara irinta shi ake kira Mahakabi. Wani masani, Dandin, ya shimfiɗa sharuɗɗanta wajen shekara ta 700: a siffanta birni da teku da duwatsu, da sauyin yanayi, da fitowar rana da wata, a kawo aure da shawarar fada da yaƙi. Guda biyar aka ware ɗalibai suna sha kamar yadda namu ke shan Ishiriniya: biyu na Kalidasa, sai ɗai-ɗai na Bharabi da Magha da Sriharsha. A garin Aihole akwai rubutu a jikin dutse na shekarar 634, inda wani mawaƙin fada, Rabikirti, yake alfaharin ya kamo Kalidasa da Bharabi a suna. Kin ga tun lokacin da su ake auna kowa.

Wa ke naɗawa? Wani lokaci fada ce, kuma nan ne abin ya yi kama da namu na Sarkin Taushi da Sarkin Kiɗa. Sriharsha, mutumin ƙarni na 12, da kansa ya rubuta a ƙarshen waƙarsa cewa Sarkin Kanauj yana ba shi wurin zama da ganyen taunawa guda biyu. Ganyen nan shi ne pan da kike gani suna ci, kuma matsayinsa a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu: a miƙo maka shi daga hannun sarki a gaban fadawa ba ƙaramin abu ba ne. A kudu, a ƙarni na 10, sarakuna sun ba Ponna da Ranna, mawaƙan harshen Kannada, laƙabin Kabi-cakrabarti, wato sarkin sarakunan mawaƙa. Krishnadebaraya, wanda ya mulki daular Bijayanagara daga 1509 zuwa 1529, yana da mawaƙa takwas da ake kira giwaye takwas masu tallafe da kusurwoyin duniya. Babbansu Peddana, ana ce masa kakan waƙar harshen Telugu, kuma an ruwaito cewa sarkin da hannunsa ya sa masa munduwar zinariya a ƙafa. Har sarakunan ma kwaɗayin laƙabin suke yi. A ginshiƙin dutse na Allahabad, cikin kirarin Samudragupta mai cin ƙasashe da yaƙi, an sa har da Kabiraja, sarkin mawaƙa.

To amma ni ba wannan ne ya fi burge ni ba. Sarki yakan naɗa wanda ya cancanta, yakan kuma naɗa wanda ya iya fadanci. Laƙaban da na fi ganin girmansu su ne waɗanda masu karatu suka raɗa wa mawaƙi saboda baiti ɗaya tak.

Ana ce wa Kalidasa Dipashikha, ma'ana harshen fitila. Dalilin yana babi na shida na waƙarsa Raghubamsha. Gimbiya Indumati za ta zaɓi miji, an jera sarakuna kowa a kan karagarsa, tana bin su ɗaya bayan ɗaya ana yi mata bayanin kowanne. Sai Kalidasa ya ce tana tafe kamar harshen fitila da ake ratsa babban titi da shi cikin dare: ginin da ta nufo sai ya haskaka, wanda ta wuce sai ya koma duhu. Haka fuskar kowane sarki. Tana matsowa sai ta washe da sa rai, tana gotawa sai ta dushe. Ki tsaya ki duba abin da ya haɗa a layi biyu: kyan yarinyar, da tafiyarta a hankali ba tsayawa, da begen mazan, da kunyar wanda aka tsallake a bainar jama'a, kuma bai ambaci bege ko kunya da sunansu ba. Ranar da malaminmu ya warware mana baitin nan, na daɗe zaune bayan an tashi. Mutanen da suka ji shi ƙarnuka da suka wuce ba su ga abin da za su saka masa da shi ba, sai suka ɗauki fitilar suka liƙa a sunansa.

Haka aka yi wa Magha, ana ce masa Ghanta Magha, wato Magha mai ƙararrawa. Ya siffanta dutsen Raibataka da asuba, rana na fitowa ta wannan gefe, wata na faɗuwa ta wancan, ya ce dutsen ya zama kamar ƙatuwar giwa da aka rataya wa ƙararrawa biyu. Bharabi kuma mai laima, don ya ga iska ta kwashi garin furen bado ta murɗa shi sama kamar laimar zinariya. Irin wannan laƙabi da shaidarsa yake yawo. Duk wanda ya yi musu, sai a buɗe masa baitin.

Akwai wani tsohon baiti da na tabbata mahaifin ƙawarki ya haddace. Su daga ƙaramin yatsa suke fara ƙirga, kuma yatsan da ke bin sa, wanda ake sa wa zobe, sunansa a Sanskirit anamika, wato marar suna. Baitin ya ce da aka zo ƙirga mawaƙa, Kalidasa ya hau ƙaramin yatsa, aka nemi na biyunsa aka rasa, shi ya sa har yau yatsan na gaba ba shi da suna. Suna kuma ce masa Kabikulaguru, malamin zuriyar mawaƙa, kuma jami'ar Sanskirit da aka kafa a Ramtek ta jihar Maharashtra a 1997 da wannan laƙabin take amsawa. Kalidasa kuwa mutum ne da ya rayu wajen ƙarni na 4 zuwa na 5.

Laƙabi ɗaya ne ya girmi wannan a idonsu, shi ne Adikabi, mawaƙin farko, na Balmiki mai Ramayana, waƙa mai baiti wajen 24,000. A ruwayarsu, yana bakin kogin Tamasa ya ga maharbi ya harbe namiji cikin wasu tsuntsayen ruwa biyu, macen tana ta kuka. Tausayi ya kama shi, ya yi wa maharbin baki, sai maganar ta fito a kan awo ba da niyyarsa ba. Baƙin ciki a harshensu shoka, baitin kuma shloka, sai suka ce daga wannan aka haifi wancan. Daga baya kowane harshe ya nemi nasa Adikabin: Pampa a Kannada, Nannaya a Telugu, Sarala Das a Odiya, Bhanubhakta a harshen Nepal. Kusan dukkansu abu ɗaya suka yi, sun ɗauko manyan labaran da ke kulle a Sanskirit suka zuba su a harshen da ake magana da shi a gida da kasuwa.

A zamanin nan ma'aunin ya sassauta. Jami'ar Madras ta ba Kumaran Asan, mawaƙin harshen Malayalam, laƙabin Mahakabi a 1922 alhali bai rubuta mahakabya ba. Subramaniya Bharati na Tamil ya rasu a 1921 cikin talauci yana da shekara 38, mutane kaɗan ne suka raka gawarsa, amma yau da wuya Batamile ya kira sunansa bai sa Mahakabi a gaba ba. Wannan jama'a ce ta naɗa, bayan mai shi ya tafi.

Wuri ɗaya zan ja hankalinki. Mawaƙi Tagore, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1913, ana ce masa Kabiguru, ana kuma ce masa Gurudeb. Guru malami ne, amma deb asalinta kalmar abin bauta ce, ko da yake masu faɗinta girmama malami kawai suke nufi. Ni Kabiguru nake cewa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Ke ma ki riƙe wannan.

In kin koma gidan, ki gaida dattijon, ki ce Baffanki ya gode da gyaran da ya yi miki. Ki ce Mahakabi Kalidasa bakinki cike, sannan ki roƙe shi ya rera miki baitin fitila na babi na shida. In ya yarda, ki ɗauka a waya ki turo mini, na yi shekaru rabon da in ji shi daga bakin mai harshen.

Baffanki.