Muna so mu mayar da sitonmu na Oregun cibiyar adana bayanai: me doka ke buƙata?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Agege. Mu uku muka haɗa jari, muna da babban sito a Oregun da muke biyan hayarsa shekara-shekara. Muna so mu mayar da shi ƙaramar cibiyar adana bayanai, kamfanoni su kawo na'urorinsu na sabar, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai, mu kuma mu ba su wuri da wuta da sanyi da tsaro. Injiniyanmu ya ce mu fara da kanta 80 na jera sabar, masu jan wuta kilowat 400 gaba ɗaya. Wani ƙaramin banki da wani kamfanin biyan kuɗi ta waya sun nuna sha'awa. Mun yi rajista da CAC. Wane lasisi ya rage mu nema?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Babu wata takarda guda da za ku karɓa ta rufe muku komai. Izinin a warwatse yake, wani a Alausa, inda ofisoshin gwamnatin Jihar Legas suke, wani a Abuja. Amma kafin a zo kan lasisi, akwai kalma ɗaya a cikin tambayarku da ta fi damuna, wato "shekara-shekara".

Bankin da zai kawo muku na'urorinsa zai nemi yarjejeniyar shekara 3 ko 5, domin kwashe sabar daga wani gini zuwa wani ba ƙaramin aiki ba ne. Ku kuwa, a ƙarƙashin dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, idan ba ku rubuta wani wa'adi daban ba, notis na wata 6 ya isa mai gida ya kawo ƙarshen hayar ɗan haya na shekara. Kun ga ke nan za ku sayar da alkawarin shekara 5 alhali wata 6 kawai ke hannunku. Zanen aro ba ya rufe katara. Wannan shi ne ma'aunin da zan so ku riƙe a kowane mataki na wannan harka: duk abin da kuka yi wa abokin ciniki alkawari, ku duba ko akwai wanda ya yi muku alkawarin irinsa a rubuce.

Don haka aikin farko shi ne komawa wurin mai sito a ƙulla doguwar haya, shekara 15 ko 20, da damar sabuntawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba zai sayar ko ya jinginar ko ya bayar da irin wannan haya ba sai da amincewar gwamna. Ba wasa ba ne: a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba. Lauyanku ya je ofishin rajistar filaye a Alausa ya binciki takardar mallaka ta mai gidan, wato C of O, shekara nawa suka rage a cikin 99 ɗin da aka saba bayarwa, kuma ko ginin yana jingine a wani banki. In yana jingine, ku nemi bankin ya sa hannu cewa ko da ya karɓe ginin ba zai tashe ku ba. A cikin takardar hayar a rubuta ƙarara cewa taransfoma da janareta da na'urorin sanyaya ɗaki naku ne ko da an kafe su a jikin gini, sabar kuma ta masu ita ce, mai gida ba shi da ikon riƙe ta saboda bashin haya.

Sito an ba shi izini ne a matsayin wurin ajiye kaya. Canza amfaninsa da yi masa gyare-gyare yana buƙatar sabon izini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta Jihar Legas, sannan LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine, ta duba aikin mataki-mataki ta ba da takardar kammalawa. Kada a raina wannan. Kanta ɗaya da aka cika da na'urori tana iya kai tan guda, ɗakin batir ya fi haka nauyi, shi ya sa za a nemi rahoton injiniyan gini. Sai izinin hukumar kashe gobara ta jiha, da rahoton tasirin aikin ga muhalli. LASEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, kuma ta yi suna wajen garƙame wuraren da ƙarar janaretansu ta addabi maƙwabta, ku kuwa garƙamewar yini ɗaya ta isa ta karya duk yarjejeniyoyinku lokaci guda.

Yanzu ga wuta, wadda ita ce ainihin hajar da kuke sayarwa. Mu yi lissafi. Kilowat 400 na na'urori ne kaɗai. In aka ƙara sanyaya ɗaki da asarar da ake yi a batir da wayoyi, a zafin Legas za ku iya kai wajen kilowat 640. Janareta mai kVA 500 yana ba da kamar kilowat 400, don haka biyu za su ɗauki nauyin, na uku yana jiran ko-ta-kwana. Jimilla kilowat 1,200, wato kun haura megawat 1, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce duk mai samar wa kansa wutar da ta wuce megawat 1 sai ya nemi izini. A da NERC, hukumar kula da lantarki ta ƙasa, ake zuwa. Bayan Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi dama, Legas ta yi tata dokar a ƙarshen 2024, kula da kasuwar wuta ta cikin jihar ya koma hannun hukumar LASERC. Can za ku fara tambaya yanzu. Wani abin lura: wannan izini na amfanin kai ne, ba na sayarwa ba. In kun rubuta wa abokin ciniki rasit cewa kun sayar masa da yunit kaza na wuta, kun ba wani damar cewa kuna cinikin lantarki ba lasisi. A rubuta kuɗin a matsayin na hidima gaba ɗaya, wuri da sanyi da wuta, ko da mita ce ke auna rabon kowa.

Oregun yankin Ikeja Electric ne. Ko an ɗora ku a rukunin A, alkawarin shi ne aƙalla awa 20 a rana. Awa 4 da suka rage, in an tara su a shekara, sun kai awa 1,460. Bankin kuwa zai nemi ku rubuta masa cewa wuta za ta tsaya kashi 99.982 cikin 100, wato ɗaukewar da ba ta wuce kamar minti 95 ba a shekara ɗungurungum. Tazarar da ke tsakanin awa 1,460 da minti 95, janareta da batir da mai kawo dizal ne za su cike ta. A wannan nauyi za ku ƙona kusan lita 170 a awa, ajiyar kwana 3 ta haura lita 12,000, kuma tanki irin wannan yana buƙatar lasisin ajiya daga NMDPRA, hukumar da ke kula da ajiya da rarraba man fetur. Yarjejeniyarku da mai kawo mai ta faɗi cikin awa nawa zai kawo bayan an kira shi, da yadda za a gwada ingancin man kafin a juye, domin dizal mai ruwa yana iya kashe janareta uku a dare ɗaya. Ku samu masu kawowa biyu daga defo daban-daban. Ɗaukewar wutar NEPA kuma kada ku sa ran kotu za ta karɓe ta a matsayin uzurin abin da ya fi ƙarfin mutum. A Najeriya abu ne da kowa ya san zai faru, kuma don gudunsa ne aka zo wurinku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Batun farashi ma doka ta shigo ciki. Kayan aikinku da dala ake sayensu, amma Babban Banki ya hana sanya farashin cinikin cikin gida da kuɗin waje. Wanda ya ƙulla yarjejeniyar naira ta shekara 5 a farkon 2023, lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya ga ta haura 1,500 a 2024. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, fiye da ninki uku. Maganin shi ne a rubuta farashi da naira, a haɗa da ƙa'idar lissafi bayyananniya da za ta riƙa daidaita shi duk wata 3 ko 6 bisa kuɗin wuta da na dizal.

NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, tana shigowa ne gwargwadon abin da kuke yi. Shimfiɗa wayar faiba taku a titi, ko sayar da intanet, ko ba kamfanonin sadarwa wurin kafa kayansu, duk suna ƙarƙashin Dokar Sadarwa ta 2003. Ku rubuta wa hukumar bayanin hidimarku, ku ajiye amsarta a fayil. Haƙa titi kuma sai da izinin LASIMRA, hukumar Jihar Legas mai kula da shimfiɗa wayoyi da bututu. Shawarata ga masu farawa ita ce ku bar kamfanoni masu lasisi su shigo da faibarsu, aƙalla biyu, ta kusurwoyi daban na ginin. Ku tambayi kowannensu ta wace wayar ƙarƙashin teku yake fita. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin MainOne da WACS da SAT-3 da ACE sun lalace tare, kuma waɗanda suka zaci suna da hanya biyu suka tarar duk rami ɗaya suke bi.

Sai dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa. Masu irin sana'arku sukan ce ai mu wuri kawai muke bayarwa, ba ma taɓa bayanan kowa. Ban ba ku shawarar jingina da wannan hujja ba. Ma'anar sarrafa bayanai a dokar ta haɗa da adanawa, kuma ranar da ma'aikacinku ya canza wa banki faifan ajiya ko ya kwafar masa bayanai don gudun ɓacewa, gardamar ta ƙare. Ko ba wannan, kyamarorin tsaro da littafin baƙi da na'urar ɗaukar zanen yatsa a ƙofa duk bayanan mutane ne da ku kanku kuka tara, zanen yatsa kuma yana cikin rukunin da doka ta fi tsananta wa. Ku duba ko kun shiga sahun waɗanda sashe na 44 ya wajabta wa rajista da hukumar. Da abokan ciniki irin bankuna, ku ƙaddara kun shiga.

Idan aka yi kutse, sashe na 40 ya ɗora wa mai sarrafawa, wato ku, ya sanar da kamfanin da ya ba shi ajiyar bayanan, shi kuma kamfanin yana da awa 72 ya sanar da NDPC in lamarin na iya cutar da mutane. Shi ya sa banki zai rubuta muku awa 24 ko ƙasa da haka. Dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ita ma ta sa awa 72 na kai rahoton hari ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai kula da hare-haren intanet. A dokar kare bayanai ta 2023, tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Fitar da bayanai ƙasar waje yana da sharuɗɗa a sassa na 41 zuwa 43, kuma mutane kan faɗa ciki ba da sani ba, misali a ajiye kwafin ko-ta-kwana a Afirka ta Kudu ko Turai saboda ya fi araha. A ɗaya gefen, ƙa'idojin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, da suka ce a ajiye bayanan gwamnati da na masu amfani da layukan sadarwa a cikin ƙasa su ne ke kawo muku kasuwa.

Wata rana jami'an tsaro za su zo neman na'urar wani abokin cinikinku. Mai gadi da injiniyan dare su san abin yi tun kafin ranar: a nemi ganin warantin kotu, a kira lauya, a rubuta lambar duk abin da aka ɗauka da sunan wanda ya ɗauka, kuma a tabbatar abin da takardar ta ambata kaɗai aka taɓa, tunda kanta ɗaya na iya ɗauke da kayan kamfanoni biyar.

A takardar da za ku ba abokan ciniki, kada ku rubuta cewa kuna da matsayin Tier III, wato wani matakin ingancin cibiyar adana bayanai, sai kun faɗi wace shaida ce. Cibiyar Uptime tana ba da shaida ga zanen gini daban, ga ginin da aka kammala daban. Ku iyakance diyyar da za a iya nema a wurinku, misali kuɗin hayar wata 12, ku cire asarar riba, domin sabar da ke biyan ku ƴan miliyoyi a wata tana iya ɗauke da cinikin biliyoyi a rana. Iyakar da kuka sa ta yi daidai da abin da inshorarku ta amince ta biya.

Wanda ya ƙi biyan kuɗi fa? Jarabar ita ce a zare masa wuta nan take. Kada a yi haka sai yarjejeniya ta ba da dama, kuma a bi matakan da ta jera: takardar gargaɗi, wa'adin kwana 14 ko 30, hana shiga da fita da kaya, sannan yanke wuta bayan notis na ƙarshe. Ikon riƙe na'ura har a biya bashi shi ma sai an rubuta shi. Ko an rubuta, ƙarfen kawai kuka riƙe. Bayanan da ke ciki na dubban mutane ne da ba ku bin su ko kwabo, don haka a bar wa mai su hanyar kwashewa, kuma ba za a sayar da na'urar ba sai an goge faifanta an rubuta shaidar gogewar.