Tambaya da Amsa: 'Ya'yan maƙwabta suna zuwa kallon 'yan tsanarmu, iyayensu ba su sani ba

Tambaya: Ni malamar makarantar Lahadi ce a Garwa, arewacin Kamaru. Tun bara muka fara wasan 'yan tsana da ɗan wasan kwaikwayo ran Asabar da yamma a harabar majami'a. Yaranmu suna sonsa ƙwarai, har 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suka fara leƙe ta katanga, yanzu shigowa suke yi su zauna. Makon jiya wata uwa ta zo ta fizge ɗanta ana tsakiyar wasa, tana cewa dabo muke yi wa yara. Wani ɗan'uwa da ya yi kwas na aikin yara ya ce kada in damu, in ma gaya wa yaran kada su faɗa a gida. Raina bai kwanta ba, ina tsoron fitina a unguwa. In daina ne?

Amsa: Ƙanwata, kada ki daina wasan. Shawarar ɗan'uwan nan ce za ki ajiye tun yau, kuma na gode wa Allah da ranki ya ƙi ta.

Maganar dabo mai sauƙi ce. Wanda ya taso yana ganin 'yan dabo a kasuwa, in ya ga tsumma yana magana a bayan labule, dole ya yi zargi. Yaro ɗan shekara huɗu ma yakan ɗauka abin yana da rai. To, duk ranar da kuka gama, ku sauke zanen da kuka rataya, mai wasan ya fito da hannunsa a cikin safar da aka yi 'yar tsanar da ita, ya zare ta a gaban kowa, yara su taɓa maɓallan da aka ɗinka a matsayin ido. Wata rana ki bar su su ɗinka nasu su kai gida. Kada ku yi 'yar tsanar Yesu, kada ku sa 'yar tsana ta yi addu'ar tuba, domin yaro ya san wasa daban, sujada daban. Minti biyar zuwa bakwai ya isa, sai mutum ya ɗauki koyarwar da bakinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan kalma ta "kada ku faɗa a gida". Kullum ina jinta, daga bakin mutanen kirki ma, kuma ba ni da haƙuri da ita ko kaɗan. Tushenta wata koyarwa ce da ake yawo da ita a kwasa-kwasai, wadda ake kira tagar 4 zuwa 14, wai tsakanin waɗannan shekaru zuciyar mutum ta fi saurin karɓar bishara. Sai wasu suka juya ta ta zama: kama yaro tukuna, iyaye za su biyo baya, in ba su biyo ba ma ba ruwanka. Wa ya ba mu wannan izini? Yaron nan yana da uba, yana da uwa da ta goya shi, yana da malaminsa na allo. Ran da kika koya masa ɓoye wa uwarsa inda ya je, darasin farko da ya ɗauka a majami'a ƙarya ce, kuma kin sa shi taka umarnin girmama iyaye da ke Fitowa 20:12, wanda ke da kanki kike sa yara su haddace. Bayan haka, duk wanda ya yi aikin kare yara ya san cewa "sirrinmu ne ni da kai" ita ce jimlar da masu lalata da yara suke fara amfani da ita. In muka saba wa yaro da jinta daga bakin malamar coci, mun buɗe ƙofa ga mugun da zai zo bayanmu.

Ki dubi kuma yankin da muke zaune. A watan Oktoban 2007 aka kama mutanen wata ƙungiyar Faransa, Arche de Zoé, a Abeche ta Chadi, suna shirin ɗaga yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur, daga baya aka gano yawancinsu suna da iyaye ko dangi a raye. Ba 'yan mishan ba ne, amma iyaye ba su manta ba, kuma tabon ya shafi duk baƙon da ke tara yara. A Yulin 2015 'yan mata ƙanana aka ɗaura wa bam a Marwa. Uwar da ta shigo ta ja ɗanta, a irin wannan duniya take renonsa. Da ɗanki ne kika tarar zaune a wani gida ana koya masa addinin da ba naki ba, ba wanda ya sallama miki, ya za ki ji? Jita-jita kuwa ba ta jiran bincike. Yau "dabo", gobe "suna ba yara alewa su canza musu addini", jibi an taru a ƙofar majami'a, kuma Kiristocin unguwar da suka shekara talatin suna gaisawa da maƙwabta su ne za su biya.

Haushina ya fi yawa a kan baƙin da ke zuwa na mako guda da akwatin 'yan tsana da buhun alewa. Su ce wanda yake son Yesu ya ɗaga hannu, yara su ɗaga saboda na kusa ya ɗaga ko don sun hango leda, a ƙirga, a ɗauki hoto, a tura wa masu ba da kuɗi ta WhatsApp da Facebook da fuskokin 'ya'yan mutane. Ran Litinin sun hau mota sun tafi. Ki roƙi fastonku da dattawan ikilisiya kada su ba irin waɗannan fili sai da sharaɗi.

Littafi Mai Tsarki ma bai goyi bayan ɓoye-ɓoye ba. A Markus 10:13, kawo yaran aka yi wurin Yesu. A Yohanna 18:20 ya shaida wa babban firist cewa a fili ya yi magana, bai faɗi komai a asirce ba. Bulus a 2 Korintiyawa 4:2 ya ce sun rabu da hanyoyin ɓoye da makirci. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda Kamaru ta amince da ita a 1993, a sashe na 14 ta ba yaro 'yancin addini, ta kuma amince da haƙƙin iyaye na yi masa jagora. Baba Simon, wani fada na Katolika ɗan kudancin Kamaru, wanda ya zo arewa a 1959 ya zauna a Tokombere, har yau Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya suna ambatonsa da alheri, don da dattawan duwatsu ya zauna kafin 'ya'yansu su shiga makarantarsa.

Saboda haka, kafin Asabar, ki ɗauki wata dattijuwa daga zumuntar mata ku je gidan matar nan. Ku gaisa sosai, ki ba ta haƙuri, ki nuna mata 'yar tsanar a hannunta, ki faɗa mata gaskiya cewa labaran Littafi Mai Tsarki kuke koyarwa. In ta fi jin Fulatanci, ku yi da shi. Haka za ku bi sauran gidajen, fasto kuma ya sanar da mai unguwa. Wanda ya yarda, ɗansa ya zo, shi ma ga tabarma. Wanda ya ce a'a, ku raka yaronsa ƙofa da fara'a, ku ci gaba da gaisuwa da zuwa suna da gaisuwar rasuwa kamar da. Ƙofa ta zauna a buɗe, manya biyu a wurin kowane lokaci, ba hoto, ba kyauta a kan ɗaga hannu. Ki kuma duba wasanninku: mugun da ke cikin labarin kada ya sa rawani ko hijabi, kada ya yi magana da karin harshen wata ƙabila. In kun yi niyyar fita da wasan bakin titi ko filin unguwa, ku fara kai sanarwa ofishin sous-préfet (jami'in gwamnati mai mulkin gunduma) kamar yadda dokar taro ta 1990 ta tanada, ko da za su sa ku safa da marwa.