Ƙwallayen Kirsimeti na kakarmu suna zubar da fenti, yaya zan yi?

Tambaya: Kakarmu ta yi aikin jinya a wani asibitin mishan a Filato a shekarun 1960. Wata Baturiya da suka yi aiki tare ta bar mata kwali biyu na kayan adon bishiyar Kirsimeti da za ta koma ƙasarsu, bayan rasuwar Kaka kuma suka dawo hannuna. Ƙwallayen gilashi ne da wasu 'yan tsuntsaye, a jikin murfin wasu an buga West Germany. Sun sha ƙura, wasu sun yi ɗigo-ɗigon baƙi. Na ga bidiyo a TikTok ana wanke irinsu da ruwan ɗumi da khal, na gwada a guda biyu, sai ga jan fentin ya biyo tsumma. Yanzu kuma maƙwabciyata ta ce akwai zaiba a ciki, in zubar kafin yara su taɓa. Hankalina a tashe yake. In zubar ne, ko akwai yadda zan gyara? Mai karatu daga Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kada ki zubar da ko ɗaya. Amma daga yau kada ruwa ya sake taɓa su, ko da ɗigo ne.

Maganar zaiba jita-jita ce. Ƙyallin da kike gani azurfa ce, siririya ƙwarai, aka shafe ta a cikin ƙwallon ta hanyar zuba ruwan sinadarin azurfa a girgiza, yadda ake yin madubi. Masu hura gilashi na garin Lausha a Jamus sun kama wannan dabara tun ƙarni na 19, daga aikin masanin sinadarai Justus von Liebig, kuma da ita aka ci gaba a Jamus da Foland da Amurka. Tambarin West Germany da kika gani, wato Jamus ta Yamma, yana nuna an yi naki tsakanin 1949 da 1990, lokacin da ƙasar take rabe biyu, labarin Kaka kuma ya sa su a farkon wannan zango. Abin tsoro a jikinsu shi ne tsinin gilashi idan sun fashe, domin ba su fi ɓawon ƙwai kauri ba.

Sai maganar wanki, wadda ita ce ciwon kaina a wannan aiki na kula da tsofaffin kaya. Mutane sun ɗauka duk abin da aka yi da gilashi ana iya wanke shi kamar kofin shayi. Kofi da farantin tangaran an gasa launinsu a wuta har ya haɗe da jikinsu, shi ya sa za ki shekara ashirin kina dirza su da soso ba su canja ba. Ƙwallon Kirsimeti ba a gasa fentinsa. Tsoma shi ake yi a ruwan launi, a rataye ya bushe, sannan a zana furanni da ratsi da hannu, a barbaɗa ƙyalƙyali a kan gam. Fentin yana zaune ne a kan gilashin kamar tawada a kan allo. Bayan shekara sittin ya bushe, ya yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani, ruwa kuwa ta nan yake shiga ya ɗaga shi. Gam ɗin da ke riƙe da ƙyalƙyalin galibi mai narkewa ne a ruwa. Wato tsumma mai laima ma ya isa ya yi ɓarna, balle ruwan ɗumi da khal.

Kuma ba a waje kaɗai ɓarnar take tsayawa ba. Murfin ƙarfen nan ba ya toshe bakin ƙwallon, ɗora shi kawai aka yi da 'yar waya. Idan an tsoma ƙwallo a roba, ruwa zai shiga ciki ya kwanta a kan azurfar, kuma ba ya bushewa da wuri tunda bakin ƙarami ne. A ranar za ki ga ya yi fes, ki ji daɗi. Bayan 'yan watanni sai ki tarar azurfar ta yi gizo-gizo, ta fara ɓarewa, murfin ya yi tsatsa ya bar jan zobe a wuyan gilashin. Mai bidiyon ba zai dawo ya nuna miki wannan ba. Shi ya ɗauki minti ɗaya, ya samu masu kallo, ya wuce. Sau da yawa ma abin da yake wankewa ƙwallon roba ne na kanti, wanda ko a injin wanki aka jefa shi ba abin da zai same shi.

Baƙaƙen ɗigon da suka dame ki ba datti ba ne, kuma ba a waje suke ba. Ki ɗaga ƙwallon ki duba a hasken taga, za ki ga suna bayan gilashin. Azurfar ce ta haɗu da danshi da sinadarin farar wuta da ke cikin iska ta yi baƙi. Babu sabulun da zai kai wurin, kuma ko ya kai, azurfar zai kwashe gaba ɗaya. Duk da haka kullum sai an kawo mini kaya an riga an gwada musu man goge baki, ko toka da lemon tsami irin na wanke tagulla, ko Brasso, ko sifirit, har da man goge fentin farce. Wannan na ƙarshe kam cikin ƙiftawar ido yake narkar da fentin. Akwai kuma masu cewa a kawo musu su "sabunta", su fesa fentin gwangwani su miƙo miki abu mai sheƙi wanda ba na Kaka ba ne kuma. Ina rasa gane wannan ɗoki na sai tsohon abu ya koma sabo. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja ƙwallo mai ɗigonsa da dusasshen launinsa a kan wanda aka taɓa, domin ɗigon shaida ne cewa na asali ne. Biyun da kika wanke, fentin da ya tafi ya tafi. Ki cire murfinsu a hankali, ki kifa su a kan tsumma a inuwa inda iska ke wucewa har mako guda, kada ki sa a rana ko kusa da wuta.

Gyaran da ya halatta ɗan kaɗan ne. Ki shimfiɗa tawul mai kauri a kan tebur. Ki wanke hannu ki busar, ki riƙe ƙwallon ta wuyansa. Ki sami sabon buroshin kwalliya mai laushi, irin na shafa hoda, ki riƙa kaɗe ƙurar daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba. Ƙurar hunturu tana da yashi, in aka goga ta da tsumma karce take yi. Ki riƙa duba bakin buroshin. Da kin ga launi ko ƙyalli a jikinsa, ki tsaya, wannan ƙwallon ya gama karɓar gyara. Inda fenti ya riga ya ɗago kada ki bi ta wurin sam. Tsuntsayen nan, idan jelarsu fara ce mai sheƙi kamar siliki, zaren gilashi ne, yana soka fata, kada ki shafa shi da yatsa.

Abubuwan da suka cancanci tsoro a tsohon kwali daban suke, maƙwabciyarki ba ta ambace su ba. Idan akwai siraran zaren ado masu launin azurfa, masu nauyi da sanyi a hannu, waɗanda in kin murza ba sa komawa yadda suke, to na dalma ne. A Amurka an daina yin su a 1972 saboda yara, mu kuwa abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya ishe mu sanin gubar dalma. Ki ƙulle su a leda ki raba su da gidan. Idan akwai farin gari ko wani abu kamar auduga da aka sayar a matsayin ƙanƙarar ado, kada ki kaɗe shi, domin a shekarun 1930 da 1940 an yi irinsa da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Tsofaffin fitilu kuma kada ki jona: robar wayarsu ta mutu, na Amurka ma don wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 aka yi su, tamu kuwa 230 ce. Masu dogon bututu da ruwa a ciki, ruwan guba ne in ya fashe.

Ajiya ita ce rabin aikin. Kada ki kai su cikin silin, zafin rufin kwano da rana da sanyin daren Jos su ne ke sa fenti tsagewa. Kada ki ajiye a ƙasa ko jikin bangon da ke jan ruwa da damina. Saman durowa a ɗakin da kuke kwana ya fi ko'ina. Jarida ba ta dace ba, tawadarta tana bari a jiki, takardarta kuma tana da tsami. Leda tana riƙe gumi. Robar ɗauri da ulu suna fitar da farar wutar da ke baƙanta azurfa, kafur ma ki nisanta shi. Idan kin samu takardar naɗi marar tsami, madalla. In ba ki samu ba, tsohon farin ƙyallen auduga da aka wanke sosai ba sitati ya wadatar. Ki cire ƙugiyoyin ratayewa, ki naɗe kowane ƙwallo shi kaɗai sako-sako, ki jera su layi ɗaya a akwatin roba mai ƙarfi da rabe-rabe a tsakani. Ki jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ki riƙa canja su, ki buɗe akwatin ki duba a tsakiyar damina, wajen watan Agusta.

Kwalayen asali na Kaka kada ki yar, suna cikin tarihin kayan, amma ki ware su daban tunda gara da kyankyaso na son kwali. Ki rubuta sunan Kaka da asibitin da shekarar a takarda da fensir ki sa a cikin akwatin. Idan Disamba ta zo, ki rataye su a rassan sama, nesa da taga da kyandir, ki bar wa yara na roba a ƙasa.