Ku Tambaya Mu Amsa: Na nemi ganin lissafin ƙungiyarmu, an ce ba ni da godiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 7, yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Muna cikin wata ƙungiya mai tallafa wa irin yaranmu, a can yake ganin mai koya masa magana, kuma wallahi an samu ci gaba, yanzu yana nuna abin da yake so ba sai ya yi ta kuka ba. Muna biyan kuɗin wata, masu hali ma suna ba da gudummawa. Sai na ji wai fiye da rabin kuɗin a albashi yake tafiya, motar da aka tara kuɗi don ɗaukar yara kuma har yau shiru. Da na yi tambaya a taro, shugabar ta ce ba ni da godiya. Laifi na yi?
Daga wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya mana yaron. Ba ki yi laifi ba. Kuɗin nan amana ce a hannunsu, kuma wanda ya zuba kuɗinsa ya kai ɗansa yana da hakkin ya ga lissafi.

Amma maganar albashin ba ta tayar mini da hankali ba. Aikina duba littattafan kuɗin ƙungiyoyi ne, kuma na san yadda jama'a kan ɗauka cewa ƙungiyar kirki ita ce wadda ba ta kashe komai a kan ma'aikata. A wannan fanni ma'aikatan su ne aikin. Matar da ke zama da ɗanki tana nuna masa katin hoto, tana haƙuri har ya miƙa hannu ya zaɓi kofin ruwa, albashinta shi ne tallafin da kike samu. Idan aka matse shi za ta tafi, yaron da sauyin fuska ke dagula wa lissafi kuma ya koma farawa da baƙuwa. A 2013 manyan cibiyoyi uku masu auna ƙungiyoyin agaji a Amurka, wato GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu ba da gudummawa su daina yanke hukunci da kason kuɗin gudanarwa kaɗai. Abin da za ki tambaya shi ne: albashin su waye? Nawa ne na masu zama da yara, nawa ne na ofis, kuma wa ya yanka wa shugabar nata? Idan ita ta yanka wa kanta, akwai gyara. Aikin kwamitin amintattu ne, ita kuma ta fita daga ɗakin lokacin da ake tattaunawa.

Motar ce ta tsaya mini a rai. Kuɗin da aka tara da sunan wani abu takamaimai ba a karkatar da shi sai da yardar waɗanda suka bayar, ko da buƙatar da ta taso ta gaskiya ce. Sau da yawa ba sata ba ce. Kuɗin haya ne ya matso, aka ce bari a ranta daga na mota a mayar daga baya, bayan kuma bai zo ba. Duk da haka dole a faɗa wa mutane. Ki nemi takardar banki, ba jadawalin da aka buga a kwamfuta ba. Ki sa yatsa a ranar da kuɗin motar ya shiga, ki bi layin ƙasa ki ga ko yana nan. Ki duba kuma ko mutum biyu ne ke sa hannu kafin kuɗi ya fita, waɗanda ba miji da mata ba, ba uwa da 'ya ba.

Akwai wata dabara da ku iyaye kuka fi ni iya ta. Ku ɗauki rajistar halartar yara ta wata guda ku gwada da yawan zaman da aka biya ma'aikata. Kun san ranakun da kuka je aka ce malama ba ta nan.

Ki kuma tambayi ajiyar ko-ta-kwana: idan babban mai ba da tallafi ya janye gobe, wata nawa za a iya ci gaba? Ƙungiyar Kids Company ta Ingila, mai kula da dubban yara marasa galihu, ta rufe a watan Agustan 2015 ba ta da ajiyar kirki. A 2021 kotu ta wanke amintattunta, amma yaran sun riga sun rasa wurin zuwa.

Idan kika ga ana kashe kuɗi a kan wani magani da aka ce yana warkar da galahanga, nan kam ki ɗaga murya, domin babu irin wannan magani.

Shugabar nan ƙila uwa ce irinki da ta fara aikin da kuɗin aljihunta, shi ya sa tambaya a bainar jama'a ta yi mata zafi. Kada ki sake tayar da maganar ke kaɗai. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku rubuta wa kwamitin amintattu cikin ladabi, ku fara da alherin da yaranku suka samu, sannan ku nemi rahoton kuɗi na shekarar da ta wuce wanda odita daga waje ya duba, da tsarin mulkin ƙungiyar, da kujera a kwamitin ga iyaye da kuma wani baligi mai lalurar. Ku ba su wata guda. Idan aka yi shiru, ku kai batun hukumar da ta yi wa ƙungiyar rajista. Kafin nan kada ki cire yaron daga darasinsa.