Hawan Dutsen Sri Pada: ana barin Musulmi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Siri Lanka a watan Janairu, abokan tafiyata kuma sun matsa sai mun hau dutsen Sri Pada. Na ji an ce wurin ibadar mabiya Buddha ne. Ana barin Musulmi ya hau? Wane shiri zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba mai tare ka. A ƙolin dutsen, mai tsayin mita 2,243, akwai wani lotso a jikin fa mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buddha, masu kula da wurin, sun ce sawunsa ne. 'Yan Hindu sun ce na Shiva ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Musulmi da dama tun zamanin da sun ɗauke shi sawun Annabi Adamu a ƙasar Sarandib, wato sunan da Larabawa ke kiran Siri Lanka a da. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya hau a 1344, har ya ba da labarin sarƙoƙin da ake kamawa, ta goma ana ce mata sarƙar shahada, don duk wanda ya leƙa ƙasa daga nan sai ya yi kalmar shahada saboda tsoro.

Ka dace da lokaci, domin daga Disamba zuwa Mayu ake ziyara, hanya duk fitilu da masu shayi. Daga garin Hatton za ka shiga mota zuwa Nallathanniya. Matakala sun haura 5,000, shi ya sa ake tashi wajen ƙarfe 2 na dare a riski fitowar rana a sama. Sallar asuba a hanya za ta same ka, ka tafi da alwala. Rigar sanyi dole ce, iskar can ba ta wasa. Ka kauce wa ƙarshen mako da ranar cikar wata, wadda suke kira Poya. Cunkoso kan tsayar da mutum sa'o'i a kan matakala.

Abin da baƙi suka fi yin sakaci da shi ladabin wurin ne. A haikalin da ke ƙolin dutsen ana cire takalmi, har da hula, ka san wannan tun daga gida. Kada ka juya wa mutum-mutumin Buddha baya don ɗaukar hoto, babban raini ne a wurinsu. Za ka ga tsofaffi cikin fararen kaya, wasu ba takalmi, suna durƙusawa da furanni a hannu. Ba wanda zai ce ka yi abin da suke yi. Ka tsaya gefe, ka rage murya, ka ba su hanya.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, don haka ka sayi sanda tun a gindin dutsen.