Na'urar awon jini ta gida: wacce zan saya, kuma me lambobin ke nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 47. Watan jiya an auna ni a asibiti, aka ce jinina ya ɗan hau, 144 bisa 92. Ƙanwata ta ara mini na'urarta ta wuyan hannu, amma kullum lamba daban: da safe 139/88, da yamma 126/80. Ina so in sayi tawa. Wacce ta fi? Kuma in fara shan magani ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, canjin lambar nan ba alamar lalacewar na'ura ba ce. Jinin mutum yana hawa yana sauka a wuni guda, gwargwadon motsi, barci, fargaba, har da fitsarin da aka riƙe. Lamba ta sama tana nuna ƙarfin turin jini lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tsakanin bugu da bugu.

Batun saye kuwa, ki bar ta wuyan hannu. Ki nemi mai batir wadda ake naɗawa a damtse, domin ita likitoci suka fi yarda da ita. Ta wuyan hannu da zarar hannun ya ɗan yi ƙasa da saitin zuciya sai ta ba da lambar da ba ita ba. Ki tambayi mai sayarwa ko an gwada ingancinta a asibiti. Abin da mutane suka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi damuna, shi ne girman madaurin. Kafin ki fita, ki sa tef ɗin tela ki auna kaurin damtsenki a tsakiya. Madauri matsakaici yawanci na damtse mai santimita 22 zuwa 32 ne. Idan naki ya wuce haka kika matsa masa ƙarami, na'urar za ta ƙara miki lamba, ki kwana cikin zulumi a banza. Wadda ke magana ko ke haɗuwa da waya ba dole ba ce.

Ga yadda za ki auna. Rabin awa kafin nan babu kofi, babu taba, babu aikin ƙarfi. Ki yi fitsari, ki zauna a kujera ki jingina baya, tafin ƙafa a ƙasa, kada ki harɗe ƙafafu. Ki ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji, madaurin a kan fata. Minti biyar shiru, ko da yara na kira. Ki auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, har kwana bakwai, kina rubutawa a littafi. Ki watsar da na ranar farko, ki fitar da matsakaicin sauran.

Idan matsakaicin ya kai 135/85 ko ya wuce, a awon gida hawan jini ke nan. A asibiti iyakar 140/90 ce, saboda wasu ganin likita kaɗai ke tayar musu da jini. A Amurka, tun 2017 sun sauko da iyakar zuwa 130/80, shi ya sa za ki ga lambobi sun saɓa a intanet.

Magani kuma, don Allah kada ki saya da kanki, kada ki sha na wani. Ki kai wa likita littafin da na'urar, a gwada ta da tasu. Shi zai duba sukari da ƙoda da tarihin gidanku, sannan ya yanke. Sau da yawa mai irin lambarki akan fara ba shi 'yan watanni ya gyara rayuwa: gishiri ƙasa da giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke ɓoye cikin abincin kamfani, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, tafiya da sauri minti 150 a mako, rage ƙiba idan akwai. Ki kuma rage shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen barkatai, yana ɗaga jini.

Amma idan kika ga 180/120, ki huta ki sake aunawa. In bai sauka ba, a ga likita a ranar. In akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, dishi-dishin gani, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, asibiti nan take, ba jira.

Tambaya: Nawa 136/86 ne kuma ba na jin komai. Na ga tallar wasu ƙwayoyi da aka ce suna warkar da hawan jini gaba ɗaya. In saya? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Hawan jini sarrafa shi ake yi, kuma irin waɗannan ƙwayoyi ba ka san abin da ke cikinsu ba, wasu ƙoda suke taɓawa. Rashin jin komai kuwa kada ya ruɗe ka, haka cutar take, shekaru tana cin jijiyoyi ba ciwo ba zazzaɓi. Ka yi awon kwana bakwai ɗin da na faɗa wa 'yar'uwarmu a sama, ka kai wa likita sakamakon.